Faɗi Ɗaya da Rabi

Ranar Laraba ce, sha bakwai ga watan Safar, shekarar da na ajiye alli, bayan la'asar, inuwar mutum ta kai tsawonsa biyu, aka ɓata mini suna a Birnin Gaɓa Biyu. Na faɗi ranar don kada wani ya ce na manta, na faɗi lokacin don kada wani ya ce ba ya nan. Ni ne Malam Tanimu Jatau, wanda ya koyar da lissafi shekara talatin da huɗu, ba a taɓa kama shi da ƙari ko ragi ba. A ranar nan mai shelar birnin, Sankira Makau, ya laƙaba mini suna a gaban jama'a bisa laifin da ba nawa ba, kuma har yau sunan yana bina. Ku saurara ku ji yadda na fita, da abin da na koyo a hanya, da abin da aka yi mini, sannan ku yi hukunci.

Lokacin da nake koyarwa, kowace shekara nakan haɗa 'yar roka da ajin ƙarshe, ta takarda da kara, tsawonta kamu ɗaya, da fukafukai uku a gindi. In babu iska, sai ta tafi sak. In kuwa iska ta bugi fukafukan daga gefe, sai ta juya kai ta nufi inda ba a aike ta ba. Shekara talatin da huɗu ina kallon wannan, ban sami magani ba. Da na ajiye aiki, na ɗaure rula da littafina a jaka.

Maiɗakina Ladidi ta ce, "Malam, mutane in sun ajiye aiki awaki suke saya. Kai kuma iska za ka bi?"

Na ce, "Awaki ba su taɓa ba ni kunya a gaban aji ba. Iska ce ta ba ni."

Na shiga tafiya tare da wani falke mai jakuna biyu, sunansa Nomau, mutum mai yawan magana da saurin yanke shawara. Muka wuce gari na ƙarshe da na san sunansa, muka ƙetare fili mai ƙasa shuɗiya kamar an rina ta, inda ciyawa ke kwanciya in mutum ya yi mata sallama. Bayan kwana arba'in muka isa Kurmin Amya. Itatuwan wurin sun yi tsayin da ba a ganin kansu, ƙudan zumansu kuwa kowanne ya kai kurciya.

A bakin kurmin akwai wata tsohuwa mai tsaron hanya, Gwaggo Tabawa. Ta ba kowannenmu tulun zuma guda, miƙaƙƙe kamar ganga, ta nuna mana tarin tuluna marasa komai, manya da ƙanana.

Ta ce, "'Ya'yana, ga dokar kurmi. In rana ta yi tsaka cinnaku za su fito, kowanne kamar kyanwa. Ba sa iya hawa tulu, amma in sun sami kafa sai su kutsa. Kowa ya kewaye zumarsa da tuluna, kowane tulu ya taɓa na tsakiya. Wanda aka sha zumarsa, shekara bakwai zai yi yana yi wa amya fifita."

Nomau ya zabura ya jawo manya uku da ƙanana huɗu, ya jera su, ko'ina kafa. Ni kuwa na zaro rula, na zaɓi shida masu faɗi daidai da na zumata. Duk wanda ya taɓa jera kwabbai a kan tebur ya san abin da ya faru: shida suka kewaye ɗaya cif, kowanne yana taɓa na tsakiya, yana taɓa maƙwabtansa biyu.

Nomau ya ce, "Malam, don Allah dubi nawa! Ni fifita ko ta kaina ban iya ba."

Masu faɗin nasa sun ƙare a tarin, sai waɗanda ba su kai ba. Na auna, na ce ya kawo bakwai, waɗanda faɗin kowanne ya ɗara kashi uku cikin huɗu na tulunsa da kaɗan. Muna tura na bakwai muka ji ƙasa tana sassarfa. Cinnakun suka zo, suka zaga, suka zaga, suka koma.

Muna cin abinci a gindin wata itaciya sai iska ta taso, ta kakkaɓo ganye da wani ɓallin saƙar zuma wadda aka tatse, ramukanta a buɗe sama da ƙasa. Ganyen ya yi ta wulwulawa har ya ɓace. Saƙar kuwa ta sauko sak, kamar an ɗaura mata zare, ta dira a gabana. Na ajiye loma.

Na ce, "Gwaggo, me ya hana iska karkatar da ita?"

Ta ce, "Ai kullum haka take faɗowa, ɗana. Iskar ta cikin ramukan take bi, ita ke riƙe ta. Ci abincinka, yana hucewa."

A nan na gane cewa roka ba sai da fukafukai ba. Bututai shida a gindinta, a buɗe gaba da baya, za su riƙe ta. Saura in san tsawonsu.

Wannan kuwa Dutsen Sarewa ne ya koya mini, tafiyar kwana goma sha biyu daga kurmin. Dutse ne da ya tare gabas da yamma, duk jikinsa ramuka ne da suka huda shi, iska tana busawa a cikinsu, tun daga nesa kana jin kiɗa. Babu hanya sai ta cikin rami. Nomau ya hango wani gajere mai faɗi, ana ganin haske a ɗaya bakin.

Ya ce, "Taku talatin, Malam, mun fita."

Na ce, "Ba ni hularka."

Na miƙa ta bakin ramin na saki. Iska ta fizge ta, ta harba ta waje guda kamar dutsen majajjawa. Nomau ya dafe kai ya ce ita kaɗai ce hularsa ta Juma'a. Na zare zare daga rawanina, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ina riƙe da shi. A bakin gajerun, zaren yakan miƙe. A bakin wani dogo, wanda ba a ganin ƙarshensa, sai ya rataya shiru: iskar tana zuwa ta cushe, ta kewaye ta wuce, kamar an sa wa ramin ƙyaure. Ta nan muka bi da fitila, mu da jakuna, muka fita lafiya. Hular muka tarar a kan ƙaya, tafiyar rabin yini daga dutsen.

Kwana tara na yi a bayan dutsen ina yanka gora ina gwadawa da hayaƙi. Na rubuta a littafina: bututu in tsawonsa ya kai faɗinsa ɗaya da rabi, iska tana ratsa shi sosai, in ya haura huɗu, ya zama sanda.

Daga nan muka sauka Birnin Gaɓa Biyu. Kwazazzabo ne ya raba birnin tsaka, mai zurfin da in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Gadar igiya ce ke haɗa gaɓoɓin, kuma duk damina sai ta ruɓe ta tsinke. Don a sake ɗaura ta, suna harba 'yar roka ta gora da albarushi, tana jan zare siriri zuwa ɗaya gaɓar. Zaren ya jawo kirtani, kirtani ya jawo igiya. Shi ya sa suke kiranta allura. A shekarar nan sau uku suka harba, sau uku iskar kwazazzabon ta bugi fukafukan ta juyar da ita. Gonaki suna can, rumbuna suna nan. Mata suna tsayawa a gaɓa suna ɗaga wa 'ya'yansu hannu. Ni ma abin ya shafe ni, don Kurmin Amya ba a shigarsa sau biyu, hanyar gida ta kan gadar nan ce kawai.

Na je wurin Sarkin Gada Bagudu, wanda aikin ke hannunsa. Dattijo ne mai kyan riga, mai amsa magana tun ba a gama ta ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire fukafukai, a sa bututai. Bari in shiga wurin aikin in nuna."

Ya ce, "Baƙo ba ya shiga rumfar allura, Malam. Al'ada ce. Rubuta, a kai wa gwanar da ke haɗa allurar."

Na girmama al'ada. Na rubuta a fuskar takarda: bututu shida na gora, faɗin kowanne daidai da faɗin jikin allura, tsawon kowanne faɗi ɗaya da rabi. A bayan takardar na zana hoton, na ja layi daga gefen baki zuwa gefen baki, na rubuta "faɗi" a kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai zane a baya." Ya ce, "Na gani, na gani," yana cusa ta a aljihu.

Ranar Larabar nan aka taru. An zaunar da ni a rumfar baƙi, taku sittin daga wurin harbi, allurar kuma a lulluɓe da ƙyalle. Da aka yaye, sai na ga bututan sun haura tsakiyar jikinta. Jikin yatsa uku ne, don haka yatsa huɗu da rabi na nema. Waɗannan sun kai goma sha huɗu. Na miƙe na ce, "A dakata! Ba haka ba ne!" Ganga ta danne muryata, aka sa wa lagwani wuta.

Allura ta tashi kamar tsawon dabino biyu, ta wuntsila, ta dawo ta faɗi kan jinkar wani rumbu. Daga nan ta mirgino, zaren ya sarƙe a reshen tsamiya, ta tsaya a rataye tsakanin sama da ƙasa. Sai Sankira Makau ya karɓi takardata daga hannun Sarkin Gada, ya ɗaga ta.

Ya ce, "Jama'a, kada a zargi baƙo, mutum ne mai cika alkawari! Ga shi ya rubuta: faɗi ɗaya da rabi. Ta faɗi ɗaya a kan rumbu, ga rabin can a tsamiya!"

Aka kwashe da dariya, har mutanen ɗaya gaɓar suna tambaya da hannu me aka ce. Ban ga laifin masu dariya ba, mutanen da suka yi wata biyu cikin damuwa ne. Amma washegari, da iznin Sarkin Gada, Sankira ya zaga kasuwannin birnin uku da ganga, yana shelar cewa lissafin baƙo ne ya kayar da allura. Tun daga ranar, mai ƙosai ma in za ta miƙo mini sai ta ce, "Na nawa, Malam Faɗi-ɗaya-da-rabi?"

Ban yi faɗa da kowa ba. Na tambayi inda gwanar take jiƙa gora, aka nuna mini wani rafi a bayan ganuwa. Na same ta da hantsi, mace mai kimanin shekara hamsin, hannuwanta duk tabon wuƙa. Sunanta Hansai.

Na ce, "Sannu da aiki, Gwana. Ni ne mai takardar."

Ta ce, "Na sani. Ni ma kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba. Shekara ashirin ina yanka, ban taɓa yanka abu mai muni kamar wannan ba. Na ce wa Sarkin Gada bututan nan sun yi tsawo, ya ce haka malami ya rubuta."

Na miƙa mata guntun gora na ce, "Auna mini faɗin wannan."

Ta zaro kirtani daga ɗankwalinta, ta naɗe shi a jikin gorar sau ɗaya, ta tsuke da farce, ta warware ta miƙo mini. "Ga shi."

Na karɓi kirtanin. Na ce, "Wannan kewaye ne."

Ta ce, "A garinku. Mu nan masu igiya ne, Malam. Faɗin abu shi ne igiyar da zai ci in za a ɗaure shi. Faɗin turmi, faɗin itace, faɗin ƙugun amarya, duk haka muke aunawa. To ku yaya kuke yi?"

Na ɗora rula a kan bakin gorar. Ta yi dariya har ta dafa dutse.

Ta ce, "Wannan ai baki ne! Wa zai ɗaure abu ta baki?"

Kewayen abu mai da'ira ya ninka bakinsa sau uku da ɗan ɗori, ga inda yatsa huɗu da rabi suka zama goma sha huɗu. Na tsuguna na zana mata hoton a yashi, da layin da ya ratsa baki. Ta daina dariya.

Ta ce, "Da na ga wannan, ai da ban yi kuskure ba."

Na ce, "Yana bayan takardar."

Ta ce, "Takarda? Ban taɓa riƙe ta ba. Daga bakin ƙofa Sarkin Gada ya tsaya ya karanta mini, yana sauri za shi ɗaurin aure."

Al'ada ta hana baƙo shiga rumfa, ba ta hana gwana aiki a bakin rafi ba. A nan muka zauna kwana uku. Ita ke yanka, ni ke aunawa. Ta goge bakin kowane bututu da ganye mai kaushi har ya yi santsi, ta manna su da ƙaro a gindin sabuwar allura, shida cif, kowanne yatsa huɗu da rabi. Da ta gama ta juya ta a hannu ta ce, "Kamar furen kabewa. Anya wannan 'yar guntuwar za ta riƙe ta?" Na ce ta hura ta gani. Ta hura, iskar ta fita ta baya ta ɗaga yashi.

Ranar Litinin da safe aka harba, mutane ba su kai rabin na farko ba. Iskar kwazazzabon tana nan yadda take. Allura ta tashi, ta ɗan girgiza sau ɗaya, ta miƙe, zare yana warwaruwa a bayanta, har ta sauka a gonar gero a ɗaya gaɓar. Muka ga wani tsoho ya ɗaga zaren sama da hannu biyu. Hansai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Cikin kwana shida gada ta tsaya, aka fara ɗauko hatsi.

Shelar da aka yi a kasuwanni ita ce, allura ta ƙetare da hikimar Sarkin Gada. Ba a ambaci Hansai ba. Ni kuwa an ambace ni, da sunan nan.

Sarkin Gada ya zo masaukina da kansa, shi kaɗai, ɗauke da riga mai aiki da ƙwaryar goro.

Ya ce, "Malam, ni da kai mun san abin da ya faru. Ban juya takardar ba. Ga wannan, a bar maganar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da tattaki. Amma a kasuwa aka yi da ganga, yaya za a warware a ɗaki da raɗa?"

Ya ce, "Wasa ne fa irin na Sankira. Wata biyu an manta."

Na ce, "Nomau ya ƙetare jiya da ayari. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya riƙe labari mai daɗi. Kafin in isa gida sunan ya riga ni. Ina da ɗalibai sun fi dubu uku, wasu alƙalai ne, wasu magina, wasu suna koyar da abin da na koya musu. Duk wanda ya taɓa cewa 'haka Malam Tanimu ya ce' za a yi masa dariya."

Ya tashi ya bar rigar. Na aika masa da ita, goron kuwa na raba wa maƙwabta da sunansa.

Nawa laifin ban ɓoye shi ba. Na shiga garin mutane na yi amfani da kalma ban tambayi yadda suke fahimtarta ba, alhali na sha hukunta ɗalibi don bai rubuta ma'aunin amsarsa ba. Wannan na tsaya a Kasuwar Igiya ranar Alhamis na faɗa da bakina, ba wanda ya sa ni. Wanda bai juya takarda ba, da wanda ya yi shelar ƙarya, su har yau shiru.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Sarkin Gada Bagudu ya tsaya da ƙafarsa a kasuwannin nan uku, ranar cin kowace, Sankira Makau yana gefensa da gangar da ya yi shelar farko. Sarkin Gada ya ce an ba shi zane bai duba ba. Sankira ya ce lissafin baƙo daidai ne, kuma hannun Gwana Hansai ne ya ƙetarar da allura. Su kira ni da sunan da mahaifina ya raɗa mini, su nemi gafarata da murya yadda na bayan kasuwa zai ji. Sannan a rubuta maganar, a ba ayari na gaba ya bi sawun Nomau da ita.

Yau kwana hamsin da biyu ke nan da gadar ta tsaya. Jakata a ɗaure take, ina jin ƙamshin hanyar gida daga inda nake zaune, kuma na san Ladidi tana ƙirga watanni. Kowa ya taka gadar nan, har awaki, ban da ni. Sarkin Gada, ranka ya daɗe, ina bakin gada, gefen hagu, ƙarƙashin tsamiya. Kasuwar farko gobe take ci.